TARIHIN MASU BINCIKEN TEKU DA ABIN DA YA HAƊA SU DA DAMINARMU

 

Da Edita ya nemi in rubuto wani abu na tarihi, na san 'yan ajinmu za su yi dariya in suka ga na ɗauko zancen teku. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na madatsar garinmu ba sai da ofis ya tura ni kwas Ikko, ina ni ina teku? To, ga dalili. Bara ƙanena ya gama digirinsa na farko a fannin fiziks, ya yi bautar ƙasa, sai ya zo gida da takardar samun gurbin karatun digiri na biyu a ilmin teku. Manya suka taru suka ce yaron da ko iyo bai iya ba, me zai je yi a teku? Aka ɗora mini nauyin in nema masa aikin gwamnati kamar nawa, ya zauna ya yi aure. Ban ɓoye muku ba, da farko ina bayan manya. Amma na ga bai kamata in hana yaro abin da ni kaina ban san kansa ba. Sai na shiga karance-karance, ina so in san su wane ne suka riƙi binciken teku a matsayin sana'a, wa ke biyansu, kuma me suka tsinana wa duniya. Abin da na samo shi ne zan ɗan gutsura muku.

Kafin a sami malaman teku

Shekaru aru-aru, abin da aka sani game da teku yana kan matuƙan jirage da masunta ne, kowa da abin da ya gada. Masu karatu ba su shiga ba sai da kuɗi da mulki suka bukace su. Wajen shekarar 1770, Benjamin Franklin, wanda ke kula da gidan waya na ƙasashen Ingila da ke Amurka, ya nemi sanin abin da ya sa jiragen wasiƙa daga Ingila ke ƙara kusan mako biyu a hanya fiye da na 'yan kasuwa. Wani ɗan'uwansa mai farautar manyan kifaye, Timothy Folger, ya bayyana masa cewa akwai wani ƙaton kogin ruwan ɗumi da ke gudu a cikin Tekun Atlantika, jiragen wasiƙar kuwa suna tafiya ne gaba da gaba da shi. Suka zana taswirarsa. Wannan aiki ne na sha'awa kawai, Franklin bai ci abinci da shi ba.

Mutum na farko da za a ce teku ta zama aikinsa na ofis shi ne Matthew Maury, hafsan sojan ruwan Amurka. Hatsarin keken doki ya lalata masa ƙafa a 1839, ya zama ba ya iya aikin jirgi, sai aka ba shi ajiyar taswirori da kayan awo a 1842. A nan ya tarar da tulin tsofaffin littattafan da matuƙa ke rubuta abin da suka gani kullum. Ya zauna ya tattara bayanin iska da na gudun ruwa daga cikinsu, ya fitar da taswirori da suka rage wa jirage kwanaki masu yawa a hanya. A 1853 ya sa aka yi taron ƙasashe a Brussels aka yarda kowane jirgi ya riƙa rubuta awonsa iri ɗaya. Mu ma'aikatan gwamnati da ke raina tsofaffin fayiloli, ga darasi nan. Sai dai tarihi bai manta cewa a yaƙin basasar Amurka ya bi ɓangaren masu riƙe bayi ba.

Har zuwa lokacin, saman ruwa kawai aka sani. Wani masani ɗan Biritaniya, Edward Forbes, ya ce a 1843 babu wani mai rai a ƙasa da zurfin gaba 300, wato kamar mita 550. Abin da ya tilasta a leƙa ƙasa shi ne wayar tangaraho. An shimfiɗa ta a ƙarƙashin Atlantika a 1858 ta mutu bayan 'yan makonni, sai a 1866 aka sami mai ɗorewa. Wanda zai zuba dukiyarsa a gindin teku kuwa dole ya so sanin yadda wurin yake.

Tafiyar jirgin Challenger

Ranar 21 ga Disamba 1872 wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Challenger ya tashi daga Portsmouth. An kwashe yawancin bindigoginsa, an mai da wurin ɗakunan gwaje-gwaje. Shugaban masanan shi ne Charles Wyville Thomson na Jami'ar Edinburgh, su shida ne fararen hula a cikin mutum fiye da 200. Ba su komo gida ba sai watan Mayu 1876, bayan tafiyar kusan kilomita 127,000.

A wurare 362 suka tsaya. A kowane wuri sai a saki igiya mai nauyi a baki har ta taɓa ƙasa, a auna zurfi, a auna sanyin ruwa, a ɗebo ruwan, a jawo laka da duk abin da ke cikinta. Awo ɗaya yana iya cinye yini. Aikin ya gunduri ma'aikatan jirgin ƙwarai, har da dama daga cikinsu suka gudu a tasoshin da aka yada zango. Ɗaya daga cikin masanan, wani saurayi Bajamushe mai suna Rudolf von Willemoes-Suhm, ya rasu a hanya a 1875 yana da shekara 28, aka yi masa kabari a teku. A wannan shekarar ce suka auna zurfin mita 8,184 a yammacin Tekun Pasifik. Sun kuma dawo da halittu fiye da 4,000 da ba a taɓa sani ba, da yawa daga wuraren da Forbes ya ce ba mai rai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ya biyo bayan tafiyar. Tafiya shekara uku da rabi, rubuta sakamakonta kuwa shekara 19. Thomson ya rasu a 1882 bai ga ƙarshen aikin ba, yana ta fama da Baitulmali a kan kuɗin bugawa. Mataimakinsa John Murray ne ya ƙarasa, littafi 50, na ƙarshe ya fito a 1895. Tun daga nan aka ga kamannin wannan sana'a: kwana kaɗan a ruwa, shekaru a kan tebur, da roƙon kuɗi wajen hukuma.

Yadda ya zama karatun jami'a

Masanan Challenger masu tattara abubuwa ne. Waɗanda suka shigo da lissafi mutanen arewacin Turai ne. Tsakanin 1893 da 1896 Fridtjof Nansen na ƙasar Nowe ya bar jirginsa Fram ya daskare cikin ƙanƙarar arewacin duniya, ya lura cewa ƙanƙarar ba ta bin iska sak, kullum sai ta karkata dama. Da ya dawo aka miƙa matsalar ga wani ɗalibi ɗan Suwidin, Walfrid Ekman. Ya warware ta da alƙalami, ya nuna cewa juyawar duniya ce ke karkatar da ruwan, ya buga cikakken bayaninsa a 1905. Da wannan lissafi ne aka gane yadda iska ke ture ruwan sama daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi da abincin kifi ya taso ya maye gurbinsa.

Daga nan cibiyoyi suka fara kafuwa, aka fara ɗaukar mutane aiki da albashi. An kafa majalisar ƙasashen Turai ta binciken teku a Copenhagen a 1902 saboda damuwa da raguwar kifi. A Amurka an kafa cibiyar Scripps a 1903, ta Woods Hole a 1930. Jirgin Jamus mai suna Meteor ya yi ta kai da kawowa a kudancin Atlantika daga 1925 zuwa 1927 da sabuwar dabara: a aika ƙara ƙasa, a jira amsa-kuwwarta. Da yake ƙara na tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, awon da ke cin yini ya koma na 'yan daƙiƙoƙi.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe bakin aljihun gwamnatoci. Ana son sanin yadda za a gano jiragen ƙarƙashin teku, da ranar da raƙuman ruwa za su kwanta a sauke soja. Harald Sverdrup, shugaban Scripps, da ɗalibinsa Walter Munk suka fito da hanyar hasashen raƙuman ruwa, aka horar da hafsoshin da suka yi amfani da ita, har a saukar Normandy ta 1944. Shi Munk ɗin nan iyayensa sun aiko shi daga Austriya ne don ya zama ma'aikacin banki, ya ƙi. Ya zauna a Scripps har ya rasu a 2019 yana da shekara 101. Da na karanta wannan sai na tuna da ƙanena. Bayan yaƙi, rundunar ruwan Amurka ta kafa ofishin bincike a 1946, ta yi shekaru tana biyan kuɗin jirage da na ɗalibai.

'Yan'uwanmu mata su saurari wannan. A 1948 wata mata mai suna Marie Tharp ta kama aiki a Jami'ar Columbia. A lokacin ba a barin mata su hau jiragen binciken, saboda haka maza su je su auno, ita kuma ta zauna ta zana. A 1952, tana jera awon zurfin Atlantika, sai ta ga wani dogon kwari ya tsaga tsakiyar jerin duwatsun da ke ƙarƙashin tekun. Ta ce alama ce ƙasan teku na rabewa biyu. Abokin aikinta Bruce Heezen ya yi watsi da maganar da farko, daga baya ya yarda. Wannan kwari na cikin hujjojin da suka tabbatar da cewa nahiyoyi na motsi, kuma Afirka da Kudancin Amurka a da haɗe suke. Ita kuwa sai a 1968 ta sami shiga jirgin bincike. Taswirarsu ta gindin tekunan duniya ta fito a 1977.

Inda zancen ya iso gida

Mai karatu zai ce, to duk wannan ina ruwanmu, mu da ke da nisan kilomita ɗaruruwa daga gaɓa? Ga inda ruwanmu yake.

Kakana na wajen uba makiyayi ne kuma manomi. Farin 1973 ya kashe masa yawancin shanunsa, na 1984 ya ƙarasa sauran. Ban ga ko ɗaya ba, ba a haife ni ba, amma da labarin na tashi. Da muka zo aji huɗu, za ku tuna abin da muka rubuta a littafin Labarin Ƙasa a kan dalilan fari da gurgusowar hamada: yawan kiwo, sare itatuwa, da noma ba hutu. Na haddace, na ci jarrabawa da shi. Amma a zuciyata abin da na ji shi ne, ashe su Kaka ne suka jawo wa kansu. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, sai yau.

Malaminmu, Allah ya saka masa da alheri, abin da ke cikin littafi ya koya mana, littafin kuma yana da madogara. A 1975 wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa in dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, sai ta riƙa mai da hasken rana sama, iska ta daina tashi, hadari ya ƙi haɗuwa. Ra'ayin ya karɓu, kuma ya yi tasiri a shekarun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taronta na hamada a Nairobi a 1977.

Amma ruwan da ke sauka a gonakinmu daga teku yake tasowa. Iskar damina daga kudu maso yamma take busowa, ta kwaso laima daga Atlantika da mashigin tekun Gini, ta turo iskar hunturu arewa. Iyakar inda ta kai, da yawan laimar da ta ɗauko, su ke yanke mana hukuncin shekara, da izinin Allah. Tun 1969 Jacob Bjerknes ya nuna cewa ɗumin ruwan Pasifik da iskar da ke samansa suna juya juna, abin da ake kira El Nino. A 1974, ana cikin fari, jiragen ruwa kusan 40 na ƙasashe daban-daban suka yi damina guda suna awo a Atlantika, hedkwatarsu na Dakar. A 1978 Peter Lamb ya nuna cewa shekarun fari a yankinmu suna tafiya tare da wani yanayi na ɗumin ruwan Atlantika. A 1986 Folland da Palmer da Parker na ofishin yanayi na Ingila suka gano cewa in tekunan kudancin duniya suka fi na arewa ɗumi fiye da yadda aka saba, sai damina ta kasa hawowa arewa sosai. Awon da suka dogara da shi kuwa yawancinsa na jiragen 'yan kasuwa ne, irin wanda Maury ya sa aka fara rubutawa.

A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka yi wani gwaji da kwamfuta. Suka ba ta ɗumin tekunan duniya na shekarun 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata komai game da kiwo ko sare itace ba. Sai ga shi ta fitar da damina mai albarka ta shekarun 1950, ta kuma fitar da raguwar ruwa ta shekarun 1970 da 1980. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka mai farar wuta yana cikin abin da ya sanyaya arewacin Atlantika a waɗannan shekaru. Lalacewar ƙasa tana ƙara tsananta fari, wannan gaskiya ne, kuma dashen itace wajibi ne a kanmu. Amma tushen farin da ya kashe shanun Kaka, ya kuma janye Tafkin Chadi daga faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma, yana can cikin teku. Mutanen da ba su taɓa ganin rugarsa ba su suka wanke shi.

Sana'ar a yau

Yanzu ilmin ya kasu huɗu: masu nazarin motsin ruwa da ɗuminsa, masu nazarin sinadaransa, masu nazarin halittunsa, da masu nazarin ƙasan da ke ƙarƙashinsa. Ana shiga ne da digirin fiziks, ko lissafi, ko kemistiri, ko bayoloji, ko ilmin duwatsu. Daga nan sai digiri na biyu, sai na uku mai cin shekara uku zuwa shida. A ƙasashen waje, bayan wannan mutum kan yi shekaru yana aikin kwantiragi na shekara biyu ko uku, daga wannan jami'a zuwa waccan, kafin ya sami kujera ta dindindin, wasu ma ba sa samu. Kwana ɗaya na babban jirgin bincike yana cin dubban daloli, saboda haka rabin aikin babban malami rubuta takardun neman kuɗi ne, kamar dai Thomson.

Sai dai abu ɗaya ya sauya. Tun 1992 taurarin ɗan'adam ke auna tsayin ruwan teku, sun kuma nuna ya ƙaru da kimanin santimita 10 daga 1993. Tun 1997 ƙasashen Faransa da Brazil da Amurka suka girke na'urorin awo a tsakiyar Atlantika, wasu a mashigin Gini. Tun wajen 2000 kuma akwai shirin Argo, na'urori kusan 4,000 masu kama da doguwar tukunyar gas, kowace ta nutse, ta yi kamar kwana 10 tana bin ruwa, ta kai zurfin mita 2,000, sa'an nan ta taso tana awo, ta aika sakamakon. Duk wannan awo kyauta yake a intanet. Yaron da ya iya lissafi da kwamfuta yana iya nazarin Atlantika daga Zariya ko Sakkwato, kamar yadda Marie Tharp ta gano kwarinta daga kan tebur.

A nan gida, Nijeriya na da gaɓar teku ta kimanin kilomita 850. An kafa Cibiyar Binciken Teku ta Ƙasa a Ikko a 1975, Jami'ar Kalaba na da cibiyar ilmin teku, Jami'ar Legas da Jami'ar Fasaha ta Akure suna da sassan da ke koyar da shi. Wani masanin cibiyar ta Ikko, Lawrence Awosika, ya taɓa shugabantar hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba iyakokin ƙasashe a ƙarƙashin teku. A 2023 aka kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku. Hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasa ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda ofisoshin gona ke jira, yana dogara ƙwarai da halin da ɗumin teku ke ciki.

To, me na ce wa ƙanena? Na zaunar da shi na gaya masa gaskiya: hanyar doguwa ce, albashin bai taka kara ya karya ba, sa'o'insa za su yi gida da mota kafin shi. Ya ce ya ji, ya gani. Sai na koma wajen manya na ba su labarin shanun Kaka da teku. Baffanmu ya yi shiru can, ya ce, "To, ai sai ya je ya gano mana abin da ke hana ruwan." Yanzu haka yana can yana karatu, kuma har yau bai iya iyo ba.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya, in za a shirya ranar ba ɗalibai shawara kan sana'o'i ta bana, a ware minti goma a gaya wa 'yan aji shida cewa akwai wannan fanni, kuma ƙofarsa lissafi da fiziks ce. Ga malamanmu na Labarin Ƙasa kuma, ina roƙon alfarma da ladabi, in an zo babin fari a ƙara teku a cikin jerin dalilai, domin a kowane aji akwai jikan makiyayi da ke sauraro.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya bar zumunci.